Matasan Rigasa da Tarihin da Ba Su Gani da Ido Ba

Yaron da aka haifa a Rigasa cikin watan Fabrairun 2000 ya riga ya haura shekara 25. Mai yiwuwa ya yi aure, yana jan Keke Napep tsakanin Bakin Ruwa da tashar jirgin ƙasa. In mace ce, wataƙila tana goyon na uku. Bai ga hayaƙin da ya turnuƙe Kaduna a makon da aka haife shi ba, bai ji ƙarar harbi ba, bai yi gudun ceton rai ba. Amma ka tambaye shi unguwannin da ba zai yarda dare ya yi masa a cikinsu ba, zai jero maka su babu gargada: Sabon Tasha, Television, Unguwar Romi, Gonin Gora. Sai ka ƙara da cewa, to me ya tayar da rikicin, wane ne gwamna a lokacin, su wa da wa suka mutu? A nan magana kan fara tsinkewa. Wani zai ce rikicin shari'a ne, ya yi shiru. Wani zai tattara na 2000 da na 2002 da na 2011 ya dunƙule su wuri guda, ya kira su "lokacin rikici". Iyakar dai ya san ta sarai, dalilin shata ta ne ya iso masa a gutsure.

Ba shi kaɗai ba ne. Fiye da rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 20 ba, wato yawancin mutanen ƙasar nan sun zo duniya ne bayan an koma mulkin farar hula a 1999. Duk abin da suka sani game da Sardauna, da yaƙin basasa, da mulkin soja, da rigingimun Kaduna, ji suka yi. Abin da ya kamata a bincika shi ne daga bakin wa suka ji, ta wace hanya, kuma me ya zube kafin labarin ya kai kunnensu.

Rigasa ta dace da wannan bincike domin gari ne na masu zuwa. Ita kanta Kaduna ba tsohon birni ba ce irin Kano ko Zariya ko Katsina. Turawan mulkin mallaka ne suka mai da ita hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, a ƙasar da Gbagyi ke noma. Ba ta da ganuwa, ba ta da maroƙan fada masu jero sarakuna tun daga kaka da kakanni. Rigasa kuwa, wadda a takarda take ƙarƙashin ƙaramar hukumar Igabi alhali a aikace cikin garin Kaduna take, ta cika ne ta batse da ƙaura bayan ƙaura. Akwai waɗanda neman abinci ya kawo daga Katsina da Kano da Sakkwato. Akwai waɗanda suka kwaso kaya daga kudancin kogin Kaduna bayan 2000 da 2002. Akwai waɗanda suka tsero daga Zonkwa da Kafanchan a 2011, suka fara yada zango a sansanin alhazai na Mando kafin su bazu cikin unguwannin arewacin gari. A 'yan shekarun nan kuma ga mutanen Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan Igabi da 'yan bindiga suka tasa. Kowane ayari ya zo da nasa labarin, kuma galibi labarin ranar da aka kore shi ne. Yaron da ya tashi a Hayin Ɗanmani ko Hayin Malam Bello yana girma ne a tsakiyar mutanen da mafi ƙarfin abin da suke tunawa shi ne rabuwa da wani wuri.

Ga abin da ya faru a taƙaice, tun da an ce ba a sani ba. Bayan da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a ƙarshen 1999, Majalisar Dokokin Kaduna ta ɗauki batun. Ranar 21 ga Fabrairun 2000 Kiristoci suka fito zanga-zangar ƙin amincewa, kafin la'asar gari ya kama da wuta. Aka sake gwabzawa a watan Mayu. Hukumar binciken da gwamnatin Ahmed Makarfi ta kafa ta ce aƙalla mutum 1,295 ne suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suka ce adadin ya haura 2,000, Musulmi da Kirista. A watan Nuwamban 2002 wani rubutu a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW), ya sake tayar da ƙura, aka rasa kimanin mutum 250. Bayan haka ne aka shiga sayar da gidaje da musayarsu. Kiristan Rigasa da Tudun Wada ya haura kudu, Musulmin Television da Narayi ya dawo arewa, kogi ya zama iyaka. Har wasu suka riƙa kiran wannan ɓangare Makka, wancan kuma Kudus, da wasa da gaske.

Hanya ta farko da wannan tarihi ke bi ya shiga jikin yaro ba ta buƙatar magana ko kaɗan. Tayar mota ta fashe a bakin titi, ya ga mahaifiyarsa ta zabura ta fara ƙirga 'ya'yanta, tana cewa "kai, shigo ciki, rufe ƙofar nan." Ya san da wata leda a ƙasan akwati, an naɗe takardun gida da na makaranta da katin asibiti a ciki, ba a taɓa ta, ba a kuma matsar da ita daga inda hannu zai kai cikin duhu. Zaɓe ya matso, ya ga an sayo buhun masara da galan ɗin manja an ajiye, an tura ƙananan yara ƙauye wajen kaka. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani, amma ya gane. Tsoron ya riga labarin zuwa, kuma in labarin ya zo daga baya, aikinsa kawai ya tabbatar da tsoron.

Hanya ta biyu ita ce majalisa: teburin mai shayi, benci a ƙofar shago, dandalin 'yan acaɓa da masu keke, zaman bayan isha'i a ƙofar masallaci. A nan ake ba da labari da baki, kuma a nan na fi ganin inda gizo ke saƙa. Dattijon da ya ga abin da idonsa yana ɗauke da labari iri biyu. Na ɗaya shi ne na gawarwaki da gudu da wanda ya fita bai dawo ba. Wannan shi yake fitowa da kansa, domin gargaɗi ne, kuma uba yana ganin wajibinsa ne ya gargaɗi ɗansa. Na biyun sai an tono shi. Sai wani yaro ya ce, "Kawu, wai da gaske ne a Kakuri kuka zauna da?" Sannan za ka ji dattijon ya gyara zama. "Ɗana, ai a masaƙa na yi aiki. Shugaban layinmu mutumin Kagoro ne, a hannunsa muke zuba adashi. Ranar sunan yayanka matarsa ce ta kwana tana tuya tare da innarka." In aka ci gaba da jan sa, zai iya kaiwa ga maƙwabcin da ya ɓoye su a ɗakinsa kwana biyu, ko wanda su suka ɓoye suka sa masa hula da jallabiya suka raka shi barikin soja. Irin wannan labari akwai shi a kowane ɓangare na kogin, da yawa kuwa. Sai dai ba a cika ba da shi ba, saboda ba a ganin yana kare kowa daga komai, wani lokaci ma mai ba da shi kan ji tsoron a ce ya cika sanyi.

To ka ga abin da ke faruwa. Uban ya san mutanen can da sunayensu, ya ci abinci a gidajensu, ya san na kirki ya san na banza, don haka ko yana fushi, fushinsa na da fuska. Ɗan kuwa bai gaji fuskokin ba, "su" kawai ya gada. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar wanda bai ga rikicin ba ya fi wanda ya gani zafi. Haka abin yake a kudu: yaron da ya tashi a Sabon Tasha yana jin sunan Rigasa kamar an ambaci bakin kura, bai taɓa taka ta ba, bai san kakansa ya taɓa haya a cikinta ba.

Wani abu da ba a cika haɗa shi da wannan magana ba shi ne mutuwar masaƙu. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, daga baya United Nigerian Textiles da Arewa Textiles da Nortex suka biyo, duk a yankin Kakuri, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975. Dubban ma'aikata, Bahaushe da Bajju da Katab da Tibi da Bayarabe da Ibo, suna shiga aiki da jiniya ɗaya, suna yajin aiki a ƙungiya ɗaya. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara harkar ƙwadago kafin ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Duba shekarun da kyau. A daidai lokacin da gidaje suka rabu, wurin da ake haɗuwa kullum don neman abinci shi ma ya rufe ƙofa. Da masaƙun sun ci gaba, da uba zai kwana a Rigasa ya wuni a Kakuri, ya dawo gida da labarin abokin aikinsa, ɗansa yana ji. Yanzu abin da ya rage na haɗuwa shi ne babbar kasuwar Sheikh Gumi, da asibiti, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da jami'ar jiha ga wanda ya samu shiga, da hidimar ƙasa ga wanda ya gama. Yaran Rigasa nawa ne ke kaiwa can?

Ba rikici kaɗai ake gada ba. Ana gadon zamanin da ake kewa, kuma shi ma da giɓinsa yake zuwa. Hoton Sardauna yana bayan keke, yana jikin tirela, yana bangon shagon tela, waƙar da Musa Ɗanƙwairo ya yi masa tana cikin wayoyin yaran da kakanninsu ma ba su yi zaɓen 1959 ba. Duk matashi ya san an kashe shi a gidansa a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966, ya san ya kafa jami'a a Zariya a 1962, ya san ana cewa bai bar dukiya ba. Abin da bai iso ba shi ne cewa mutumin ɗan siyasa ne mai abokan hamayya, kuma hamayyar ba ta wasa ba ce. Jam'iyyar hamayya ta NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta sha ɗauri da bulala a hannun 'yan dokan En'e da kotunan alƙalai, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama saboda ita. Yau ana liƙa hoton Sardauna da na Malam Aminu Kano na NEPU a bango ɗaya kamar limami da na'ibinsa. Wannan sulhu da aka yi musu bayan mutuwa yana da daɗin kallo, amma ya shafe babbar muhawarar da Arewa ta taɓa yi da kanta, ta talaka da sarauta, ta haraji da jangali, ta wa ke da ikon faɗa a ji. Balarabe Musa ya ɗauko wannan muhawara a jam'iyyar PRP, ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a 1979, majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. A garin nan ya ci gaba da zama har ya rasu a Nuwamban 2020. Ka gwada tambayar 'yan shekara 20 a Rigasa me ya haɗa shi da majalisar.

Akwai kuma rabin labarin 1966 da ba a faɗa a majalisunmu. Ana faɗin daren da Manjo Nzeogwu ya kai hari gidan Sardauna, ana ma ƙarawa da cewa a Kaduna aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ba a cika ci gaba zuwa watan Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekara ba, lokacin da aka karkashe dubban Ibo fararen hula a garuruwan Arewa. A Inugu da Onica kuwa daga nan labarin ke farawa, daren Janairu shi ake wucewa da sauri. Kowane gida ya riƙe shafin da aka zalunce shi, ya yage wanda ya yi zalunci. Zangon Kataf ma haka. A 1992 rigima kan mayar da kasuwa wani wuri ta zama kisa, ta kuma fantsamo cikin garin Kaduna a watan Mayu. Kotun musamman ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, gwamnatin Babangida ta sassauta zuwa ɗauri, daga baya aka sake su. Bahaushe ya gaya wa ɗansa cewa an kashe mutanensa an kuma saki waɗanda aka kama. Bakatafe ya gaya wa nasa cewa an yi wa dattawansa shari'ar son kai. Yaran biyu sun tashi kowanne da tabbacin cewa gwamnati ta ɗayan ce.

Inda wannan gado mai giɓi ya fito fili ƙarara shi ne zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. A Kaduna da Kano an ga yara, wasu ba su kai shekara 18 ba, suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja su karɓi mulki, har gwamnatin Kaduna ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya rayu kwana guda a ƙarƙashin soja. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya ba su hoto, yunwa ta ba su dalili, sauran kuma daga bakin manya suka samo: a zamanin Abacha litar fetur naira 11 ce, hukumar PTF ta Buhari ta yi tituna ta kai magani asibiti, ba a jin ɗuriyar masu satar mutane. Duk an yi haka. An kuma yi layin mai na kwana da kwanaki a zamanin, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya mutu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, an tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, kafin nan dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta ɗaure 'yan jarida. Farashi yana da sauƙin gado domin lamba ce guda, ana iya gwada ta da ta yau a gidan mai. Rashin 'yancin magana kuwa ba shi da lamba, sai wanda ya ɗanɗana. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da wasu daga cikin yaran da aka kama a wata kotun tarayya a Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ba na jin an taɓa gaya musu cewa a mulkin da suke kira, ko hoton faɗuwar tasu ba lalle ya fito ba.

Ina makaranta a cikin wannan duka? Kusan ba ta nan. Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai cin gashin kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɓurɓushinsa cikin darasin zamantakewa. Sai a Nuwamban 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da horar da malamai 3,700 don dawo da shi. Wato yaran da aka haifa a shekarun rikicin su ne daidai waɗanda suka yi makaranta babu tarihi. Amma kada a ɗora wa cirewar abin da ya fi ƙarfinta. Ko lokacin da ake koyar da shi, darasin kan tsaya ne a daular Borno da jihadin Shehu Usmanu na 1804 da haɗewar 1914 da 'yancin kai na 1960. Babu malamin da manhaja ta ba izinin ya shiga aji a Rigasa ya ce yau za mu karanta abin da ya faru a titin nan. Islamiyya tana nata ƙoƙarin, har za ka samu yarinya 'yar shekara 12 ta kawo maka yaƙin Badar da na Uhudu dalla-dalla, da sunaye da adadi da dalilin nasara da dalilin rauni. Wannan ya nuna yaranmu suna iya riƙe tarihi mai sarƙaƙiya, har da wanda nasu suka yi kuskure a ciki, in an koya musu da tsari. Na garinsu ne ba wanda ya tsara.

Gwamnati kuwa ta yi bincike har ta gaji: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, kwamitin Sheikh Ahmed Lemu bayan rikicin zaɓen 2011 wanda ya ci fiye da mutum 800 a jihohin Arewa, da hukumar da ta binciki arangamar soja da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015, inda gwamnatin jiha da bakinta ta ce an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. An saurari shaidu, an cika kundi. Rahotannin da Turanci suke, talaka bai san inda ake samunsu ba, waɗanda aka hukunta kuma ba su taka kara sun karya ba. Babu wani dutse ko allo a cikin gari da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu a 2000, babu ranar da aka ware ana tunawa da su tare. Gidan Arewa yana nan a inda gidan Sardauna yake, ga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a tsakiyar gari, amma masu digiri ne ke shiga.

Da makaranta da gwamnati suka bar filin, sai mimbari da dandalin siyasa da waya suka shige. A waya hoto ba shi da kwanan wata. Bidiyon gawarwaki na wata shekara, wani lokaci ma na wata ƙasa, sai ya dawo WhatsApp da rubutu a ƙasansa cewa yanzu-yanzu ne a kudancin Kaduna, kuma yaron da aka raina da tsoro ba ya buƙatar hujja kafin ya tura gaba. A Oktoban 2018 rikicin Kasuwan Magani ya isa cikin gari a bakin jita-jita kafin a ankara, aka sa dokar hana fita. Duk da haka ba zan zagi waya gaba ɗaya ba. A cikinta ne matasa suka fara ganin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana jawabi a Amurka a 1961, suka ga tsofaffin hotunan Kaduna da jiragen ƙasa da masaƙu, suka fara tambayar ina waɗannan abubuwa suka tafi. Tambaya ce mai kyau, amsa ce ba ta da mai bayarwa.

Dattawa da yawa suna ganin shirun shi ne alheri. A bar kaza cikin gashinta, in ji su, tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido. Ba na raina wannan magana, domin masu yin ta sun binne 'yan'uwa, kuma sun san yadda kalma ɗaya ke tayar da gari. Sai dai abin da aka gani a wasu ƙasashe bai goyi bayansu ba. A Lebanon har yau littattafan tarihin makaranta ba su shiga yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 ba saboda an kasa yarda da abin da za a rubuta, sai kowace ɗariƙa da jam'iyya ta koya wa 'ya'yanta nata. A Ireland ta Arewa an yi sulhu a 1998, amma katangun da suka raba unguwannin Katolika da na Furotesta a Belfast suna nan tsaye, kuma da tarzoma ta tashi a Afrilun 2021, da yawa daga masu jifa yara ne da aka haifa bayan sulhun. Shiru bai sa an manta ba a can. Abin da ya yi shi ne ya bar labarin a hannun mai son amfani da shi.

A garin nan ma an gwada wata hanyar. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yi faɗa a ɓangarori biyu a 1992, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare, suka kuma taimaka aka samu sanarwar zaman lafiya ta Kaduna da malamai da fastoci 22 suka sa wa hannu a Agustan 2002. Wata uku bayan sanarwar aka sake rikici, don haka kada a ɗauka magani ne sha yanzu magani yanzu. Abin da ya bambanta su shi ne kowannensu yana faɗin abin da aka yi masa, yana kuma faɗin abin da shi ya yi niyyar yi wa wani, a gaban ɗayan. An fi sanin labarinsu a tarurrukan ƙasashen waje fiye da a makarantun Rigasa.

Wani bincike da Howard Schuman da Jacqueline Scott suka wallafa a Amurka a 1989 ya nuna cewa abin da mutum ya fi ɗauka da muhimmanci a tarihin ƙasarsa shi ne wanda ya faru yana tsakanin ƙuruciya da farkon girma. In haka ne, matasan Rigasa na yau suna tara nasu kundin, kuma bai yi kama da na iyayensu ba. Nasu shi ne sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris na 2021. Nasu shi ne daren 28 ga Maris 2022, da iyalai suka tsaya a tashar Rigasa suna jiran jirgin Abuja da bai iso ba, aka kashe wasu fasinjoji aka shiga daji da wasu, na ƙarshensu ba su fito ba sai a Oktoba. Nasu shi ne Tudun Biri, a cikin Igabi ɗin nan, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi ranar 3 ga Disamban 2023, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. A cikin waɗannan babu wanda kogi ya raba. Wanda ya tare jirgin bai tambayi addinin fasinja ba kafin ya sa kuɗin fansa, iyayen Afaka Musulmi da Kirista tare suka yi zaman dirshan. Taswirar da aka gadar wa yaran nan tana nuna haɗari a kudu, shi kuwa ya ɓullo ta yamma, ta dajin da ke bayan gari. Wasunsu sun fara lura da haka, kuma daga irinsu ne nake jin tambayoyin da manya ba su saba ji ba.

Matsalar ita ce masu cikakkiyar amsa suna ƙarewa. Ma'aikacin masaƙar da yake da shekara 35 a 2000 yanzu ya kai 60, da yawa daga abokan aikinsa sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama da ba a biya ba. Su ne mutane na ƙarshe da suka zauna a Kaduna kafin a raba ta, suka kuma ga rabuwar, kuma abin da suka sani ba ya cikin kowane kundi. Ɗaukar muryarsu ba ya buƙatar kwangila ko kwamiti. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa, in akwai malamin da zai ba da aikin, ya kuma dage cewa duk wanda aka yi hira da shi a Rigasa a nemo tsohon abokin aikinsa na ƙetaren kogi a ji nasa. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa tana nan a Kaduna, tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu suna taruwa lokaci-lokaci kan batun kuɗinsu, kuma sun san gidajen juna.